Idan mita ta daina juyawa baya, solar gida tana da riba kuwa?

Hajiya Balkisu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sola. Masu haɗawa biyu sun duba gidanmu, kowa da tasa maganar. Na farko ya ce in cika rufi da fanel, kada in sayi batir ko ɗaya, domin kamfanin wutarmu yana da tsarin musayar yunit, wato net mitarin: abin da na tura musu da rana za su cire daga abin da na sha da dare, cikin shekara shida kuɗina sun dawo. Na biyu ya ce in rage fanel in sa batir, kada in dogara da wannan tsarin don ba shi da tabbas. Wane ne ke faɗa min gaskiya a cikinsu?

Injiniya Bashir

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a ce wane ya fi gaskiya, bari in faɗi yadda abin yake aiki, don da yawa a nan ba su taɓa ganinsa ba. Fanel ya fi ba da wuta daga misalin ƙarfe goma na safe zuwa uku na rana, daidai lokacin da yara suna makaranta, manya suna wurin aiki, babu abin da ke kunne a gida sai firiji. Wutar da gida bai sha ba ba ta tsayawa jiran kowa, nan take take bi ta mita ta hau layi, maƙwabta su sha. Da magariba kuwa rana ta faɗi, kowa ya dawo, an kunna komai, sai ki koma saye daga kamfani. Duk rigimar a kan tambaya ɗaya take: yunit ɗin da ya fita da rana, nawa za a lissafa miki shi?

A tsarin musayar yunit na asali, ana lissafa shi daidai da farashin da kike saye. Kin tura 10, kin sha 10, an tashi babu bashi. A tsohuwar mita mai faifai, da idonki za ki ga faifan yana juyawa baya da tsakar rana. A ta zamani lambobi biyu ne ke fitowa a gilashin, ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya na abin da ya fita, ƙarshen wata a debe wannan daga wancan. Layin kamfani ya zama miki rumbu ke nan, ki zuba da rana ki ɗiba da dare, ba ki biya kuɗin ajiya ba. Mutumin farko da wannan yake lissafi. Na biyu kuma ranar da za a canza doka yake tsoro.

Hajiya Balkisu

Ikon Allah. Ana canzawa ne bayan mutum ya riga ya zuba kuɗinsa?

Malam Sabi'u

Ana canzawa Hajiya, kuma an sha canzawa. Jihar Kalifoniya ta Amurka ita ce babban misali, domin babu jihar da ta kai ta yawan sola a kan rufin gidaje a ƙasar. Tun 1996 suke da musayar yunit. A watan Disamba na 2022 hukumar da ke kula da kamfanonin wuta ta yanke sabon hukunci, ya fara aiki a Afrilun 2023. Yunit ɗin da ake lissafa wa mai gida a kan kusan santi 30 na dala ya koma kusan santi 8 idan aka ɗauki matsakaici, wato an zabtare kusan kashi 75 cikin ɗari. Waɗanda suka riga suka shiga tsohon tsari an bar su a kai har shekara 20 daga ranar da aka haɗa su. Sababbi ne suka sha kashi.

A jihar Nebada kuwa abin ya fi haka muni. A Disambar 2015 aka rage kuɗin, aka ƙara kuɗin wata-wata na masu sola, kuma aka ce har tsofaffin da suka riga suka saka ya shafa. Manyan kamfanonin haɗa sola irin su SolarCity da Sunrun suka dakatar da aikinsu a jihar. Sai da aka yi ta hayaniya aka mayar da tsofaffin kan tsarinsu a 2016, sannan a 2017 majalisar jihar ta dawo da musayar, amma ba cikakkiya ba: aka fara da kashi 95 na farashin saye, yana sauka mataki-mataki zuwa 75 yayin da masu sola ke ƙaruwa. Jihar Hawayi ma ta rufe nata tsarin ga sababbin masu shiga tun Oktoban 2015.

Fanel ɗin yana da garantin shekara 25. Dokar da ke yanke masa daraja kuwa zama ɗaya na hukuma ya isa ya sauya ta.

Umar Ɗan Sola

Malam, a kira abu da sunansa mana. Haɗama ce ta kamfanonin wuta, ba wani abu ba. Ni na sayi fanel da gumina, na samar da wuta, ta fita daga rufina ta shiga gidan maƙwabcina da ke nan kusa, kamfani ya caje shi cikakken farashi. Ba su ƙona gas ba, ba su tayar da inji ba. Sannan a ce ni a ba ni rubu'in kuɗin? Wannan wane irin adalci ne?

Malam Sabi'u

Umar, zan dawo kan maganar adalci, amma bari in fara yi wa Hajiya lissafi, don ita kuɗi za ta fitar. Lambobin nan misali ne kawai, kowa ya sa nasa.

A ce fanel ɗinki yana ba da yunit 6,000 a shekara, kuma kina sayen yunit ɗaya a kan 100. Gidan da ba shi da batir, mutanensa kuma ba sa wuni a ciki, abin da yake sha kai tsaye daga fanel ba ya cika wuce kashi 30. Wato 1,800 kika sha, 4,200 suka fita. Idan musayar cikakkiya ce, duk 6,000 ɗin darajarsu 100 ce, kin tsira da 600,000 a shekara. Idan kin kashe 3,600,000 wajen sakawa, shekara shida ke nan, daidai yadda mutumin farko ya faɗa miki. Bai yi ƙarya ba.

Yanzu a ce an wayi gari an ce abin da kika tura a kan 25 za a saya. Na 1,800 ɗin nan yana nan daram, 180,000. Amma 4,200 ɗin sun koma 105,000. Jimla 285,000. Ko rabin na farko bai kai ba, kuma shekara shida ta koma sama da sha biyu. Fanel ɗin nan ne, rufin nan ne, ranar nan ce, babu abin da ya taɓa su. Ki kuma tuna inbata, wato na'urar da ke juya wutar fanel ta zama irin wadda gida ke sha, ba ta kai fanel tsawon rai, yawanci tsakanin shekara 10 zuwa 15 ake canza ta, wato kina gab da mayar da kuɗinki wani kashe kuɗin yana jiranki.

Maman Khadija

Ni ina haya ne, ba ni da rufin da zan sa wa fanel, kuma ko da ina da shi ba ni da kuɗin. Ina son in tambayi ƙanena Umar wani abu. Da dare idan rana ta faɗi, wutar da kake sha ta wace waya take biyowa? Idan taransifoma ta ƙone, ko iska ta kayar da turken wuta, da kuɗin wa ake gyarawa? Kai takardar kuɗin wutarka ta zo da sifili. Tawa kuma kullum hawa take. Ba hassada nake yi ba wallahi, amma wani ne ke biyan wannan layin da mu duka muke amfani da shi, kuma ina ganin irinmu ne.

Umar Ɗan Sola

Anti, wannan ita ce maganar da kamfanonin suke so a riƙa yi, talaka da talaka su yi ta faɗa su kuma suna cin riba. Wanda ya canza ƙwayayen gidansa zuwa masu ƙarancin cin wuta shi ma kuɗinsa ya ragu, me ya sa ba a ce ya ɗora miki nauyi ba?

Maman Khadija

Wanda ya canza ƙwai ya rage sha ne, bai mayar da layin wurin ajiyarsa ba. Kai kana amfani da layin sau biyu, fita da shiga, kuma ba ka biya ko ɗaya ba.

Injiniya Bashir

Ni sola nake ci da ita, amma dole in ce Maman Khadija tana da gaskiya a wani ɓangare. Kuɗin da ke kan yunit ɗaya ba na wutar kaɗai ba ne. A ciki akwai turaku, wayoyi, taransifoma, ma'aikata, haraji. A wurare da yawa kuɗin samar da wutar kanta bai kai rabin abin da mutum ke biya ba. To idan aka mayar wa mai sola cikakken farashi, an biya shi har da kuɗin wayar da ba shi ya shimfiɗa ba.

Umar ma yana da tasa gaskiyar. Wutar da aka samar a unguwa aka sha a unguwa ba ta yin asarar doguwar tafiya a kan manyan layuka, kuma a inda zafi ke sa kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki da rana, tana sauke wa layi nauyi a daidai lokacin da yake nishi. Shi ya sa birnin Ostin na Teksas a 2012, da jihar Minesota a 2014, suka fito da hanyar auna ainihin darajar yunit ɗin sola, maimakon a ce kawai daidai yake da farashin saye ko kuma ba shi da daraja.

Abin da ke raba gardamar shi ne yawa. Idan gida ɗaya ne cikin ɗari ke da sola, nauyin da ake magana ko bayyana ba ya yi a takardar kowa. Idan ya kai gida ɗaya cikin uku, kamar yadda ake gani a Ostireliya da Holan, labari ya sha bamban. Dukansu a sa'a ɗaya suke turo wuta, kuma a sa'a ɗaya suke daina turowa.

Malam Sabi'u

Nan ne gizo ke saƙa. A 2013 hukumar da ke tafiyar da babban layin Kalifoniya ta fitar da wani zane na yadda buƙatar wuta ke tafiya a yini. Da tsakar rana layin zanen yana lotsawa ƙasa don sola ta cika ko'ina, da magariba ya miƙe tsaye cikin sa'o'i kaɗan. Siffar ta yi kama da agwagwa, har sunan ya bi zanen. Abin da yake nufi a kasuwa shi ne, wutar ƙarfe sha biyu na rana ta yi arha ƙwarai, ta ƙarfe bakwai na yamma kuma ta yi tsada. A Jamus da Holan da Kalifoniya da Ostireliya ana samun sa'o'in da farashin sari yake sauka ƙasa da sifili, wato mai tashar wuta ne zai biya a karɓi wutarsa.

To Umar, musayar yunit tana cewa ne ka kawo ta rana mai arha a ba ka ta dare mai tsada, ɗaya da ɗaya. Lokacin da masu sola suke 'yan kaɗan, kuma fanel yana da tsadar gaske, hakan dabara ce mai kyau ta jawo mutane, kuma ta yi aiki. Amma ba ta ɗorewa idan kowa ya shigo. Ni a ganina duk inda sola ta yawaita, wannan tsarin zai ragu ko ya ƙare, ko kamfanin na masu haɗama ne ko na waliyyai.

Umar Ɗan Sola

Ko da na yarda da haka Malam, ban yarda a canza wa wanda ya riga ya saka ba. Gwamnati ce ta ce ku zo ku saka, ga tsari. Mutane suka ci bashi. Sai a juya musu baya?

Malam Sabi'u

A nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Abin da aka yi a Nebada a 2015 cin amana ne, kuma su da kansu sun janye. Amma ka dubi Holan: tsarinsu na musaya yana nan tun 2004, kuma an riga an zartar cewa zai ƙare ranar 1 ga Janairun 2027, ga kowa da kowa, tsoho da sabo. Tun kafin ranar ma kamfanonin sayar da wuta da dama a can sun fara cajin masu fanel kuɗin turo wuta. Saboda haka abin da ya kamata ya faru daban, abin da mai saka kuɗinsa zai shirya wa daban.

Safiya A.

Malam, Jamus fa? Ina jin ana cewa su ne kan gaba a sola, amma ba na jin ana maganar mita mai juyawa baya a can.

Malam Sabi'u

Su wata hanya suka bi, Malama Safiya. Dokarsu ta shekarar 2000 ta ce duk yunit ɗin da ka tura za a saya a kan tsayayyen farashi na shekara 20, a rubuce. A 2004 farashin ya haura santi 50 na yuro, alhali wutar gida ba ta kai santi 20 ba, don haka mutane duk abin da suka samar turawa suke yi. An yi ta rage farashin ga sababbi yayin da fanel ke arha, har yau ya koma kusan santi 8, wutar saye kuma ta haura santi 30. Sai hali ya juya: yanzu kowa ƙoƙarinsa ya sha tasa a gida, kuma mafi yawan sababbin solar gidaje a can da batir ake haɗa su. Abin da nake so a tsarinsu shi ne wanda ya shiga a kan wani farashi, ya san shekarunsa. Ana rage wa sababbin shiga, ba a taɓa tsofaffi.

A Pakistan ma, inda aka fara musayar a 2015 kuma fanel ya yi ta kwarara daga Sin a 'yan shekarun nan, a Maris na 2025 aka kawo shawarar rage kuɗin sayen yunit daga kusan rupi 27 zuwa 10, aka yi ta cece-kuce. Polan ta bar nata tsarin musayar ga sababbi a Afrilun 2022. Ƙasashe daban, hanya ɗaya.

Hajiya Balkisu

To ke nan batir ɗin ne mafita? Mutum na biyu ya fi gaskiya?

Injiniya Bashir

Ba kai tsaye ba Hajiya, kuma a nan ne masu sayarwa da yawa suke rufe wa mutane ido. Bari in ɗora a kan lissafin Malam. A ce batir ya riƙe miki yunit 2,000 a shekara daga cikin waɗanda da sun fita. Batirin litiyam yana cinye kusan kashi 10 tsakanin caji da saukewa, don haka 1,800 za ki samu da dare, darajarsu 180,000. Idan musayar cikakkiya ce, da kin bar su sun fita da 200,000 za a lissafa miki. Kin ga batir ɗin asara ya jawo miki, ga kuma kuɗin sayensa. Amma idan a kan 25 ake saye, da 50,000 kawai za ki samu, don haka batir ya ƙara miki 130,000 kowace shekara. Ki raba kuɗin batir ɗin da wannan, ki gani ko zai mayar da kansa kafin garantinsa ya ƙare, wanda yawanci shekara 10 ne.

Wato ribar batir tana cikin tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Babu tazara, babu riba. Shi ya sa a Kalifoniya bayan 2023 haɗa batir ya yi tashin gwauron zabi a sababbin ayyuka.

Sai dai akwai abin da ba ya cikin wannan lissafin. Sola mai haɗe da layi wadda ba ta da batir, idan aka ɗauke wuta ita ma mutuwa take yi. Na taɓa zuwa gidan da mai shi ya kira ni rai a ɓace, ƙarfe ɗaya na rana, rana tsaka, rufi cike da fanel, amma gida shiru, inbata na nuna jar fitila. Ya ɗauka ta lalace. Lafiyarta ƙalau. An ƙera ta ne ta katse kanta cikin daƙiƙa biyu da zarar layi ya mutu, don kada ta tura wuta kan wayar da ma'aikaci yake riƙe da ita yana gyara. Idan inda kike ana yawan ɗauke wuta, musayar yunit ba ta da amfani a waɗannan sa'o'in, domin ba inda za ki tura, kuma ke ma kina duhu. A irin wannan wurin batir ba maganar riba ba ce kawai.

Alhaji Garba Dillali

Ni ta ɓangaren gidaje zan shigo. Ana yawan cewa sola tana ɗaga darajar gida idan za a sayar. Akwai gaskiya a ciki. Wani bincike na cibiyar Lawrence Berkeley ta Amurka a 2015, wanda ya duba cinikin gidaje sama da 22,000 a jihohi takwas, ya nuna masu saye suna ƙara kusan dala 4 a kan kowane wat na ƙarfin solar, kimanin dala 15,000 ga matsakaicin gida. Amma a lura, cinikin na tsakanin 2002 ne zuwa 2013, zamanin da musayar yunit take kan ganiyarta kuma fanel yana da tsada, sannan solar da mai gida ya mallaka ce, ba ta haya ba.

Mai saye ba fanel yake saye ba, ragin kuɗin wuta yake saye. Don haka tambayar farko da mai wayo zai yi ita ce: tsarin da gidan yake kai yana bin gida ne ko yana bin mutum? A Kalifoniya an tsara alkawarin shekara 20 ɗin nan na tsohon tsari ya bi gidan, sabon mai shi ya gaji ragowar shekarun. Gidaje biyu a layi ɗaya, fanel iri ɗaya, ɗaya yana da sauran shekara goma sha biyar a tsohon tsari, ɗaya yana kan sabo, ba za su yi kuɗi ɗaya ba a wurin wanda ya san abin da yake yi.

Umar Ɗan Sola

Ranka ya daɗe, wannan ai hujja ce a gare ni. Duk wanda yake inda tsarin yake da rai, ya yi sauri ya shiga kafin a rufe ƙofa, kuma ya cika rufinsa.

Injiniya Bashir

Ya shiga da wuri, na yarda, matuƙar akwai alkawarin shekaru a rubuce. Cika rufi kuwa sai an yi hattara. Ko a cikakkiyar musaya, ana yi maka ɗaya da ɗaya ne har iyakar abin da ka sha. Idan shekara ta zagayo aka ga ka tura fiye da abin da ka sha, rarar a farashin sari ake biya, a wasu wuraren ma share ta ake yi. Wasu kuma wata-wata suke rufe lissafi, ba shekara-shekara ba, don haka rarar watan da rana ta yi ƙarfi ba za ta cece ka a watan hadari ba. Ga kuma kuɗin wata-wata da ba ya sauka ko mitarka ta nuna sifili. Ga farashin da ke bin lokaci: a tsarin Kalifoniya na 2016 ma, tun kafin babban ragin, an wajabta wa masu sola farashi mai canzawa da sa'a, wanda daga baya ya sa wutar yamma ta fi ta rana tsada. Sunan tsarin bai canza ba, amma kuɗin da ke shiga aljihu ya ragu.

Hajiya, ki nemi takardar tsarin daga kamfanin wutar da kanki, kada ki tsaya a bakin mai haɗawa. Ki duba nawa ake lissafa yunit mai fita, yaushe ake rufe lissafi, shekara nawa aka lamunce miki, da abin da zai faru idan kin sayar da gidan. Sannan ki sa mutum na farko ya sake buga miki lissafinsa a kan cewa rubu'in farashi za a biya ki. Idan har a haka kin ga za ki iya, to duk abin da musayar ta ba ki a sama ƙari ne.

Maman Khadija

Ni dai har yanzu tambayata tana nan. Idan masu hali suka sa batir suka rage sayen wuta kusan gaba ɗaya, layin nan wa zai riƙe shi? Mu 'yan haya ne za mu rage a kai.

Malam Sabi'u

Tambayarki tana da nauyi Maman Khadija, kuma rage kuɗin musaya kaɗai bai amsa ta ba. Wani lokacin ma yana ƙara tura masu kuɗi ga batir, su ƙara nisa da layin. Abin da wasu wurare ke gwadawa shi ne a raba kuɗin layi daga kuɗin wuta, kowa ya biya na layi daidai da yadda yake dogara da shi, a sassauta wa masu ƙaramin ƙarfi. Akwai kuma solar haɗin gwiwa, inda ake gina fili guda na fanel, ɗan haya ya sayi kaso a ciki, a riƙa cire masa daga takardarsa kamar a rufinsa yake. Jihohi da dama a Amurka suna da ita, Minesota na cikin na gaba. Ban ce ta warware komai ba, amma ta fi a ce wanda ba shi da rufi ba shi da rabo.

Umar Ɗan Sola

Wannan na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fake da 'yan haya a kashe solar gidaje, alhali ko an rage mana, ban ga an rage wa Anti nata kuɗin ba.

Safiya A.

Injiniya, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Idan mutum ya fara da ƙaramin fanel yanzu babu batir, zai iya ƙarawa daga baya?

Injiniya Bashir

Zai iya, Malama Safiya, idan ya shirya tun farko. Ya sayi inbata mai karɓar batir, ko da bai sa batir ɗin yanzu ba, ya bar wuri a bango da hanyar waya. Kafin nan kuma akwai abin da ba ya cin ko kwabo: a mayar da aikin wuta zuwa rana. Injin wanki, guga, famfon tura ruwa sama, na'urar dumama ruwa a sa mata agogo ta kunna kanta ƙarfe sha ɗaya. Kowane yunit da aka sha a gida cikakken farashi ya tsirar, ko wace doka aka kawo.

Ƙarin fanel ne ke buƙatar a bi a hankali. A wasu wuraren faɗaɗa sola yana fitar da mutum daga tsohon tsarinsa. A Kalifoniya, wanda ke kan tsohon tsari idan ya ƙara fiye da kashi 10 na girman solarsa, ko fiye da kilowat 1, duk wanda ya fi yawa a ciki, yana iya rasa matsayinsa ya koma sabon farashi. Saboda haka kafin a ɗora ko fanel ɗaya a kan na da, a tambayi kamfanin wutar, kuma a karɓi amsar a rubuce.